Rigar da Aka Rage Sau Uku

Tun da Auta ta fitar da waƙoƙin nan uku, shagon ɗinkin Yaya ya koma zauren muhawara. Auta ƙanwarta ce, mawaƙiya, kuma kowa ya san shekara guda ke nan da rasuwar innarsu. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta haɗo da fassara.

Malama, mai koyarwa a makarantar bayan layi, ita ce uwar masu fassara. Ran nan ta ɗora wayarta a kan teburin yanka, ta ƙure sauti. Muryar Auta ta cika shagon, siririya, kamar ta wadda ta sha kuka ta gaji: "Wa zai taje wa 'yata kai? Ba ta son a ja, a fara daga baki."

"Kun ji ko?" in ji Malama. "Marigayiya ce ke magana ta bakin 'yarta. Uwa ko a kabari hankalinta na kan abin da ta bari."

"Ke Malama, ko tallan sabulu sai kin fitar masa da darasi," wata mai jiran ɗinki ta ce. Aka yi dariya.

Yaya ba ta yi ba. Ba ta taɓa jin waƙar har ƙarshe ba; da ta fara sai ta taka keken ɗinki, ƙara ta danne. Yau kuwa zare take sa wa allura, sai baitin ya shige ta. Inna ba ta taɓa taje musu kai ba, sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu tun suna ƙanana. Yaya ce ke yi wa Auta, kuma kan Auta kamar dutse, ko an fizga ba ta motsi. Mai ihu in ta ga mataji ɗaya ce a gidansu: 'yar Auta, mai shekara biyar.

Ta ɗaga ido ga shuɗiyar rigar da ke rataye a ƙusa, wadda Auta ke sawa in za ta hau dandamali. Ta sauko da ita, ta juya cikinta. Layin ɗinki biyu, ɗaya cikin ɗaya, aikin hannunta. Yanzu an aiko a rage na uku. "Kyamara na ƙara wa mutum ƙiba, Yaya," haka Auta ke cewa, ita kuma ta yarda.

Da la'asar Auta ta zo gwaji, riƙe da hannun yarinyar. Yaya ta tura ƙofa, ta zagaya wa Auta tef ɗin awo a ƙugu. Yatsunta suka ci karo da ƙashi.

"Waƙar nan ba ta Inna ba ce," ta ce.

"Kin shiga ajin Malama ke nan?"

"Auta, ni na raine ki. Kar ki raina min hankali."

Auta ta zauna a kan benci a hankali, irin zaman tsofaffi. Ta dubi yarinyar da ke tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, ta rage murya.

"Wata bakwai ke nan da suka faɗa min a asibiti, ciwon daji ne. Ya riga ya bazu. Sau nawa na zo in gaya miki, sai in tarar kina kukan Inna. Shi ne na sa a waƙa, na ce Yaya za ta gane. Gari duk ya ji, ke kina taka keke."

Yaya ta jawo rigar, ta fara naɗe rarar yadin ciki kamar yadda ta saba, don in mutum ya murmure a buɗe masa.

"Yanke shi kawai," in ji Auta. "Yana damuna a haƙarƙari."

Yaya ta ɗauki almakashi, ta yanke. Ƙyallen ya faɗi ƙasa, yarinyar ta yi wuf ta ɗauke, tana murna ta sami babba.

Auta ta buɗe jaka ta fito da mataji, ta miƙa wa Yaya.

"Zo nan, uwata, zauna gaban Yaya."

Yarinyar ta noƙe kafaɗa. "Ita ja take yi."

"Ba za ta ja ba. Ina nan ina kallo." Auta ta kamo hannun Yaya ta ɗora a kan gashin. "Ba daga nan ba. Daga baki."