Kambun Hambali

Shekarar da fari ya cinye gonaki, aka turo wata ma'aikaciyar lafiya daga Magariya, Sa'a, ta zo Yekuwa auna samari da 'yan mata. Ta rataye ma'auni a reshen gawo, tana ɗaura wa kowa wani zare mai launi a damtse. In ya tsaya a kore, lafiya. In a ja, yunwa ta kama mutum. Sannan ta tambaye shi me yake ci, ko yana shan taba.

Hinda ba yarinya ba ce, ba wanda ya kira ta, amma kullum tana gindin gawon. Ɗanta Hambali ya tafi cin rani Kano tun bara, bai dawo ba. Sai ta riƙa kasa kunne ga amsar waɗanda suka dawo, tana ɗora ɗanta a kan kowace. In wani ya ce garin rogo da ruwa, ranar ita ma fura ba ta shiga mata.

Da aka zo kan Sabo, abokin tafiyar Hambali da bai jima da dawowa ba, Sa'a ta ce, "Me kake ci a Kano?"

"Shinkafa da nama, Malama."

"To naman a aljihu kake zuba shi? Ga zare a ja."

Samari suka yi dariya. Haka yaran yanzu suke. Gara su mutu da a ce birni ya kayar da su.

Hinda ta tare shi. "Sabo, ina ɗan'uwanka?"

Ya durƙusa, ya ciro kambu daga aljihu, wanda ita da kanta ta ɗaura wa Hambali a damtse ranar tafiya. "Inna, ya ce a kawo miki ki ajiye. Ya yi ƙiba, yana matse shi. Aiki ne ya riƙe shi."

Ta karɓa ta shinshina. Warin zufarsa na nan. Har ta fara hamdala, sai yatsanta ya taɓa wani ƙulli a igiyar. Ita ƙulli ɗaya ta yi. Yanzu ga wani a gabansa, ga kuma wani, kowanne ya rage faɗin kambun.

Ta miƙa wa Sa'a. "'Yata, auna mini wannan."

"Inna, mutum nake aunawa."

"Mutum ne."

Sa'a ta dube ta, ta zura zaren cikin kambun ta zagaya. Ya tsaya can cikin ja. Ta mayar wa Hinda da kambun.

Hinda ta juya ga Sabo. "Sayarwa ya ce ka yi, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce in sayar in sai miki hatsi, kada ki san daga ina. Na kasa. Ya ce ba zai shigo gari hannu wofi a gan shi haka ba."

Ƙaryar da ɗa ya yi wa uwa don ya huce mata rai ƙarya ce, kuma ita ke shan ɗacinta.

Hinda ta shiga gida, ta kwaso ɗan geron da ta ɓoye don shuka, ta daka, ta ƙulle garin a zane. Da safe ta riƙo hannun Sabo zuwa amalanken Magariya, daga can su kama hanyar Kano.

"Inna, ba ki taɓa ƙetare iyaka ba."

"Kai ka taɓa. Wuce gaba."

Kambun na damtsenta. Ko ƙulli ɗaya ba ta kwance ba, ya zauna mata daidai.