Ɗaya Gefen Kifin

Tun safe Luan Guizhi take saɓe da jakar wata mata tana ɗaukarta hoto. Matar nan ita ce uwar Jian, saurayin 'yarta. Ta zo hutu Qingdao, birnin bakin teku a ƙasar Sin, daga can cikin ƙasa, inda ba su san wani ruwa ba sai na famfo, kuma ta rantse sai ta ga komai: gadar da ta kutsa cikin teku, tsofaffin gidaje masu jan rufi, har da tsuntsayen da ke sakar wa mutane kashi a ka.

"Surukata, matsa mana, kin tare min tekun!"

Guizhi ta matsa. Tekun da ya cinye mata miji, wai yau shi ake tsayawa a gabansa ana washe baki. Amma 'yarta Xiaoman ta roƙe ta tun jiya: "Mama, ki daure na yini ɗaya. In matar nan ta ce a'a kan aurenmu, Jian ba zai iya musa mata ba."

Da rana suka zauna cin abinci a bakin ruwa su huɗu, har da Xiaoman da Jian. Aka kawo ƙaton kifi, suka cinye gefen sama tas.

"Xiaoman, 'yar albarka, juya mana shi," in ji baƙuwar.

Guizhi ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. A gidan masunta ba a juya kifi a faranti. Ƙashin ake ɗagewa a ci na ƙasa. Wanda ya juya kifi ya kifar da jirgi. Ga shi ƙanin Xiaoman yana kan ruwa tun makon jiya.

"Bari in ɗage ƙashin. Mu nan ba ma juyawa," in ji Guizhi.

Baƙuwar ta kece da dariya. "Au, har yanzu kuna wannan camfin? Jian, ka ji fa! To, ita dai Xiaoman ta yi karatu, ko ba haka ba?"

Jian, sakaran banza, ya sunkuya yana wasa da shinkafarsa.

"Ɗana yana cikin jirgi yanzu haka," Guizhi ta ce. "Ke kuma kallo kika zo."

Idanu suka koma kan Xiaoman, yarinyar da ta taɓa buge hannun wani baƙo tana ƙarama saboda ya kama wutsiyar kifi zai juya shi. Ta ɗauki cokali, ba ta dubi uwarta ba, ta zura shi a ƙasa ta juya kifin. Romo ya fallatsa a kan teburin.

"Ga shi, Mama," ta ce, ta tura farantin gaban uwar Jian.

Guizhi ta miƙe ta fita. Ta tsaya jikin ƙarfen bakin ruwa tana kiran wayar ɗanta, alhali ta san ba ta shiga daga inda yake. Ta kira, ta sake kira.

"Surukata!" uwar Jian ta ƙwala mata kira daga ciki. "In kin gama, zo ki ɗauke mu hoto mu uku."