Turbo Mai Jan Faranti

Motar ta Baba ce. Fijo 504 bashe, wato a-kori-kura, mai shan gas, da fara ce amma ta koma kalar ƙasa. Da ya rasu ita kaɗai ya bar mana, ni da Inna da ƙannena mata, a ɗakunan da muke zaune a gidan Alhaji Muhuyi, nan Zangon Kwatano. Alhaji shi ne ya sauki Baba lokacin da ya zo daga arewa da jaka ɗaya, shi ya yanka ragon sunana, kuma har na yi gemu bai taɓa kirana Jibrilu ba, sai dai ɗana.

Aikin da na gada shi ne kifi. Ana idar da asuba in je Placodji wurin masunta, a loda mini ɗanyen kifin teku cikin ƙanƙara da dusar katako, in kama hanyar Parakou in kai wa Hajiya Tabawa, wadda take raba wa masu otel da gidajen ma'aikata. Hanyar tana da nisa, rana kuma ba ta jira. Motar Baba ba ta taɓa barina a daji ba, amma idan ta ɗauki kaya ta zo hawa, sai ka ji kamar ka sauka ka taya ta. Sau da yawa ina isa ƙanƙarar ta zama ruwa, kifin na ƙasa ya fara laushi.

Sai ga Kassoum da sabuwar Fijo 505 mai turbo. Shi ma direba ne a tasharmu, ba mugu ba ne, baki ne da shi. A lokacin gwamnatin juyin juya hali ce, kowa kamarad ake ce masa, daga jandarma har mai sayar da burodi, to shi da wannan yake fara tsokana. Ya ce, kamarad Jibrilu, jiya na wuce ka bayan Bohicon, na ɗauka tsayawa ka yi kama ruwa, ashe gudu kake. Tasha duk aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a makon nan Hajiya Tabawa ta tsoma hannu cikin kwandon, ta ji ruwan da ɗumi, ta ce mini don darajar mahaifina take haƙuri, kuma haƙurin ya kusa ƙarewa. Ba ta ambaci Kassoum ba, ni dai na gane.

Na je wurin Baba Maharazu. Shi ne makanikin motar tun zamanin mahaifina, garejinsa yana cikin wani filin Alhaji kusa da layin dogo. Ya ce ana iya ɗora wa injin turbo irin na 505, an yi wa wasu kuma sun ji daɗi. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Abin kamar zugazugin maƙera ne, hayaƙin salansa ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta hura iska cikin injin. Fankar tana gudun da ido ba ya gani, a kan wani siririn ƙarfe da baƙin mai ke wankewa. In ƙarfen nan ya sami ko ɗan ƙurji ne, to an gama.

Iri biyu ne a gari. Akwai marar suna, wanda wani Ibo yake sayarwa a bayan tashar jirgin ƙasa, ta tashar jiragen ruwa yake shigowa a kwalinsa a bushe. Baba Maharazu ya ce ya ɗaura shi a motoci da dama, ba ya tsufa da mutum, amma in ana canza mai zai yi damina biyu ko fiye. Sai kuma na asali, ɗan Turai, mai ɗan jan faranti a jikinsa da sunan kamfani. Shi daga Legas ake kawo shi. A tasha in an ɗaga bonet, farantin nan ake fara nema da ido. Ba zan ɓoye ba, shi nake so. Ina so Kassoum ya leƙa ya gani.

A shekarun nan iyakar Najeriya a rufe take, kayan Legas ta ruwa suke zuwa, cikin kwalekwale, a sauke su a Ladji. Kowa a Zango ya san yadda ake yi. In masu kwalekwale suka hango jirgin duwan, wato ƴan kwastan, sai su ɗaure kaya da igiya su nutsar da su a gindin itacen da masunta ke kafawa, sai hanya ta yi kyau su koma su jawo. Jarkar fetur ba ruwanta, atamfa a leda ma haka. Amma ƙarfe, kafin ka saya sai ka tambayi mai kaya ko ya yi wanka. Tambaya ce ta kullum, ba wanda yake jin haushinta.

Ina cikin wannan tunani Alhaji ya aiko kirana. Ya ce ya ji ina zagaya shagon baƙo, yana raye ɗansa zai sayi abin da ba shi da uba? Ai cikin kayansa da suka iso daga Legas akwai mai jan faranti. Kashegari da kansa ya zo gareji, yaronsa na biye da kwali. Na durƙusa na gaishe shi. Tambayar tana bakina, amma yaya zan dubi mutumin da ya yi mini huɗuba in tambaye shi ko kayansa sun yi wanka? Na bar wa Baba Maharazu, shi ne mai ido.

Ya buɗe kwalin, ya ɗago turbon. Ya juya fankar da ɗan yatsa, ya kai hanci wurin ramin mai, ya goge da gefen rigarsa. Ya sake juya fankar, har Alhaji ya gyara tsayuwa.

"Malam Maharazu, ya ka gani?"

"Na asali ne, Alhaji."

Alhaji ya dafa kaina ya yi mini addu'a ya tafi. Da muka rage mu biyu, Baba Maharazu ya ce ko za a bari sai bayan damina a ɗaura. Na ce Hajiya ba za ta jira damina ba. Na ɗauka nawar tsofaffi ce. Ya ɗauko sifana.

Tafiyoyin farko sun yi daɗi, gaskiya. Motar ta sami wani ɗan fito mai sanyi in na taka, hawa ya zama kamar gangara. Na isa Parakou da ƙanƙara tana nan da ƙarfinta, Hajiya ta ba ni kaza na kawo wa Inna. A tasha Kassoum ya leƙa bonet, ya ce to, an saya wa kaka takalmin ƙwallo. Ranar ni na fi kowa dariya.

Bayan ɗan lokaci fiton ya canza, ya koma kamar kukan ƙofa. Baƙin mai ya fara raguwa ba tare da na ga inda yake zuba ba. Na faɗa wa Baba Maharazu, ya ce in riƙa ƙarawa, in rage takawa. Yana maganar yana kallon wata taya da ba ta da matsala.

A duwatsun Dassa abin ya faru, da hantsi. Ina tsakiyar hawa sai injin ya ɗau ihu shi kaɗai. Na ɗage ƙafa, bai sauka ba. Na ratse gefe na kashe makulli, na zare shi ma gaba ɗaya, yana hannuna ina kallonsa, injin yana ta ƙara ƙarfi. Daga baya aka gaya mini mansa yake sha, turbon ya ɓalle yana tura masa baƙin mai ta hanyar iska. Farin hayaƙi ya rufe titi. Matan da ke sayar da garin rogo a bakin hanya suka kwashi yara suka gudu. Ni ban gudu ba, na tsaya ina riƙe da ƙofa kamar mai rarrashin dabba. Sai wata ƙara mai nauyi, sai shiru. Na duƙa na leƙa, ga rami a cikin injin da hannuna zai shiga, mai yana tsiyaya kan kwalta.

Na zauna a inuwar motar ina jin ƙanƙara tana ɗiga. Can sai ga Kassoum, ya wuce, ya taka birki ya dawo da baya. Ya duba ƙasan motar, ya dube ni. Na jira tsokanar, ba ta zo ba. Ya ce in kama mu juye kwandunan a tasa kafin su lalace, zai kai wa Hajiya, zai kuma yi mata bayani. Muka juye. Tun daga ranar shi yake kai mata, kuma ban ga laifin kowa a cikinsu ba.

Wata motar shanu mai gangarowa ce ta ja ni har Kwatano. A gareji Baba Maharazu ya kwance turbon ya shimfiɗa a kan buhu. Siririn ƙarfen nan duk tsatsa ta cinye shi, ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana, ga farin gishiri a lungunan da yatsa ba ya kaiwa. Jan farantin kuwa yana nan yana ƙyalli.

"Baba, ka gani tun ranar?"

"Na ji warin ruwan."

"Ba ka faɗa mini ba."

"A gaban Alhaji, Jibrilu? A filinsa nake."

Na ce ai Alhaji ya tafi, mun rage mu biyu. Ya goge hannu da tsumma, ya goge, ya sake gogewa. Ya ce da ya faɗa mini, da na mayar, da Alhaji ya san daga bakin wa ta fito. Na tambaye shi ko Alhajin ya sani. Ya ce shi bai shiga zuciyar kowa ba, amma a kan kwanon gidanmu yaran Alhaji suka shanya kayan zuwan nan, ƙarƙashin buhu, ina wucewa ta ƙasa safe da yamma.

Injin ba ya gyaruwa, wani kuma ya fi ƙarfina. Motar ta zauna a gareji, kaji suka fara ƙwai a bayanta. Alhaji ya aiko da shinkafa da mai, ya ce a yi mini jaje. Sannan ya aiko cewa yana neman direba mai amana a ɗaya daga cikin motocinsa, kuma wa ya fi ɗansa.

Na gaya wa Inna duk abin da Baba Maharazu ya ce. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce ta ji. Ta ce a gidan wa muke kwana, kuma ƙannena wa zai tsaya musu in aure ya zo? In sa rigata mai kyau in je in yi godiya.

Na je bayan la'asar. Yana zaune a zaure da baƙi, ana shan shayi. Na cire takalmi na durƙusa. Ya gaya wa baƙin irin kirkin mahaifina, ya ce kayan Turawa ma yanzu ba su da albarka, kowa ya ce haka ne. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Muryata ta fita daidai, har na yi mamaki.

Na miƙe zan fita ya kira ni. Ya ce tayoyin bashen nan ai da sauransu, kuma za su shiga motar da zan tuƙa, kada rana ta ci su a banza. Na ce to, Alhaji.

Da safe na je gareji. Baba Maharazu ya riga ya jera duwatsu. Ni na sa jak, shi yana kwance noti. Da muka cire ta ƙarshe muka sauke motar a kan duwatsun, sai na ga ta yi ƙasa sosai, har ina ganin saman rufinta inda mahaifina ya taɓa liƙe wani ɗan rami da kwalta. Na gungura tayoyin ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan Alhaji.