Darasin Rabin Awa

Shekara goma sha tara Malam Ƙamus yana koyar da Turanci a makarantar nan. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, don in ka tambaye shi kalma guda sai ya zazzago maka ma'ana goma, ko ka so ko ka ƙi. Shi da kansa ya samo wa 'yar ƙanwarsa aikin koyar da Turanci a wurin bara, bayan uwarta ta dame shi da magiya. To ga shi yanzu mai makaranta ta ce ɗalibai sun ragu, malamin Turanci ɗaya za ta riƙe. Kowannensu zai yi darasin rabin awa a aji ɗaya, a kan abu ɗaya, wato "pick up", ita kuma ta zauna ta gani. Wanda ya faɗi ya kama gabansa.

Tun daga ranar ba sa ga maciji. Da safiyar gwajin 'yar ƙanwar tasa ta same shi a ofishin malamai ta rusuna.

"Kawu, ina kwana?"

"Da ban kwana ba kya gan ni? Butulu kawai! Da kina da ta ido, da tuni kin ce kin janye."

"Kawu, ni ma yara biyu gare ni."

Ya ja tsaki ya suri jakarsa. Wallahi ya tsani yarinyar nan a ransa, kuma tsoronta yake ji, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Shi ne babba, shi ya fara. Ya kama allo tun daga kusurwar sama har ƙasa, ya jera ma'ana goma sha ɗaya da kyakkyawan rubutunsa: ɗaukar abu daga ƙasa, ɗauko mutum a mota, amsa waya, tsintar harshe a bakin mutane, farfaɗowar ciniki, kama tasha a rediyo, da sauransu. Yana faɗa, yara arba'in suna maimaitawa har tagogi na amsawa. Bai bar mata ko wurin ɗiga aya ba. Da ya gama sai ya faki ido ya zura dasta da ragowar alli a aljihun rigarsa. Haba Malam! Dattijo da furfura, wai shi ne da ɓoye dasta. Ya koma bayan aji ya zauna kusa da mai makaranta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Malama, 'yar ƙanwar tasa, ta shigo, ta duba tebur, ta duba bakin taga. Ta kalli farar ƙurar da ke bakin aljihunsa.

"Kowa ya juya kujerarsa," in ji ta. "Ku ba allo baya."

Kan ka ce kwabo, idanu tamanin sun dawo kan Malam Ƙamus. Ta ratso tsakiyarsu, ta saki bironta a ƙasa, ta sa wata yarinya ta ɗauka ta faɗi abin da ta yi da Turanci. Ta kanga tafin hannu a kunne tana ƙarar waya da baki, wani yaro ya amsa. Ta mai da benci mota, ɗaya ya zama direba ya zo ɗaukar ɗaya a bakin ƙofa. Aji ya kaure da dariya, kowa na neman a kira shi.

"Wannan aji ne ko tashar mota?" Malam ya faɗa da ƙarfi.

"Kawu, rabin awarka ta wuce," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya kau da kai.

Da ta gama, mai makaranta ta tsayar da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin, ta ce ta kawo ma'anonin. Yarinya ta zubo goma sha ɗayan nan tiryan-tiryan, ba ta waiwayi allo ba. Malam ya gyara zama, har da murmushi.

"Madalla," in ji mai makaranta. "Yi mini jimla da ta bakwai."

Yarinya ta yi tsuru-tsuru.

"Ta huɗu fa? Akwai mai iyawa?"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

"To, wadda kuka yi da benci?"

Hannuwa suka tashi ko'ina, har da masu tsalle.

Malam ya miƙe. "Ranki ya daɗe, uku kacal ta koya musu! Uku! Ni goma sha ɗaya!"

"Na gani, Malam. Ukun ne a bakinsu. Ka ƙarasa mana watan nan, sai mu sallame ka."

A baranda malama ta cim masa, ta miƙa hannu za ta karɓar masa jaka. Ya fizge.

"Kawu, don Allah ka saurare ni."

"Kada ki ƙara ce mini kawu. Ba ni ba ke, har abada."

Ya tsaya yana jira. Jira yake ta durƙusa, ta yi kuka, ta ba shi haƙuri, ko ya samu abin da zai riƙe ya kai gida. Ta dube shi ido cikin ido.

"To, Malam," ta ce. Ta juya ta koma aji.