Ajadi da Korayen Kwalabe

A shekarun da Alabi ke kaɗa gangar biki a Ibadan, shi da amininsa Ajadi mai kalangu, safiyar Lahadi a rumfar Iya Abeke take yi musu. Sukan iso kai na sara, ido jajir, giyar bikin jiya ba ta gama sakinsu ba. Sai ta dire musu romon akuya mai yaji da koko, ta tsaya a kansu riƙe da ludayi.

"Dube su, wai iyayen yara," in ji ta. "Ajadi, ko hularka ba ta san inda kanka yake ba."

"Iya, bari mu warke tukuna, sai ki yi zagin."

Su sha, gumi ya karyo, kowa ya rantse ya tuba. Tuban yakan kai su har biki na gaba.

Bayan rasuwar Iya ne wasu ƙananan korayen kwalabe suka cika tasha da kasuwa, ana shela da lasifika wai suna wanke giya daga jiki. Alabi ya kurɓa sau ɗaya, ɗacin ya kore shi. Ajadi kuwa ya riƙe su hannu bibbiyu. Ya sha kafin biki, ya sha bayansa, yana bugun ƙirji wai yanzu giya ba ta iya masa komai. Giyar da yake kwankwaɗa ta ninku.

Da idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, Alabi ne ya kai shi asibiti. Likita ta ce hanta ce, kuma irinsa sun yi yawa, don ruwan kwalaben nan ba ya cire giya, ƙarfin gwiwar ƙarawa kawai yake ba mutum.

Ajadi ya tashi, amma kafaɗarsa ta daina ɗaukar kalangu. Yanzu da la'asar Alabi kan same shi a baranda, ya rame, da kofin ruwan zafi a hannu.

"Ka tuna bikin Oyo," in ji Ajadi, "da uwar amarya ta taka har ɗankwalinta ya faɗa tukunyar miya?"

"Ai kai ka sauya kiɗa, ɗan banza."

Ajadi ya yi dariya har da tari. Ya ajiye kofin, ya soma buga kiɗan da yatsu a kan benci. Alabi ya saurara kaɗan, sannan ya karɓa a kan cinyarsa.