Kunnen Mai Gyaran Lif

Ba su yi minti goma da shiga otal ɗin ba ya fara halin nasa. Suna cikin lif za su hawa na huɗu, matarsa ta dafe ƙugu saboda nauyin cikin wata bakwai, 'yarsu ta manna hanci a madubi, shi kuwa ya karkatar da kai ya kasa kunne.

"Ƙofar nan tana jan ƙafa," ya ce. "Taya ɗaya ta cinye a gefen hagu."

"Malam, me muka yi da kai a mota?"

Ya janye kunnensa daga ƙofar. Alkawari suka yi: kwana biyu da wuni ɗaya, ba sukudireba, ba amsa wayar aiki, ba sauraron injin kowa. Amma hali zanen dutse. Shekara goma sha tara yana gyaran lif, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai-lif yake ce masa. Kunnensa kuma shi ne jarinsa. Akwai shekarar da ya tsayar da wani lif a wani dogon bene saboda wata 'yar ƙara da babu wanda ya ji sai shi, ana buɗewa aka tarar igiyar ƙarfe ta fara tsittsinkewa. Tun daga ranar ba ya yarda da takarda, ba ya yarda da bakin mutum, kunnensa kawai yake bi. Ko a gidan biki ya zauna, janareta yake sauraro.

Wannan tafiya kuwa ba tasa ba ce, ta yarinyar ce. Shekararta takwas, amma 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa a gida ake kiranta Firit. Shekara biyu da suka wuce makarantarsu ta kawo su filin wasan da ke kusa da wannan otal, duk 'yan ajinsu suka hau Mesa, wato jirgin nan da yake hawa kan dogo can sama ya sulalo ya murɗe ya kifa mutane. Ita kaɗai aka mayar, don kanta bai kai jan layin da ke jikin ma'auni ba. Ta tsaya riƙe da jakunkunan ƙawayenta har suka sauko. Tun daga nan duk wata sai ta jingina da ƙofar kicin an ja mata layi da fensir, tana shan madarar da ta tsana, tana rataye a jikin ƙyaure wai don ta miƙe. Bana ta kai. Dokar wurin kuma ita ce yaron da bai kai shekara goma ba sai da babba a gefensa. Uwar ba ta hawa da wannan cikin. Saura shi, kuma ranar Lahadi da hantsi za su koma gida.

Da yammacin Juma'ar bai zauna ba. Ya karanta taswirar hanyar gudun gobara da ke bayan ƙofa, ya fita ya ƙirga ƙofofi har zuwa matakala, ya dawo. Ya taɓa sakatar taga. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗan kakkarwa, ya naɗe takarda ya cusa mata a ƙasa. Ya kwanta, ya tashi, ya buɗe firij ya rufe.

"Don Allah ka zauna, kana sa ni jiri," in ji matar.

"A zaune nake."

"A tsaye kake, Malam."

Ta tagar ana hango Mesa, ja da rawaya, ta yi wa sararin sama ƙulli. Duk bayan 'yan mintuna sai iska ta kawo ihun mutane. Firit ta ja kujera ta haye tana ƙirga sau nawa ake kifewa. Shi bai ƙara kallon wajen ba, ya ce hasken yana damun idonsa.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara suna bakin ƙofar fili, an ɗaura musu robar shiga a wuyan hannu. Firit ta nufi Mesa kai tsaye, uban ya riƙo rigarta.

"Yanzu kika sha shayi. Bari abinci ya faɗa."

Suka hau dawakin katako. Suka shiga kofunan nan masu juyi. Suka shiga kwalekwale ruwa ya jiƙa su sharkaf. Ƙarfe sha ɗaya ya ce layi ya yi tsawo, bari ya ragu. Sha biyu ya ce rana ta take, ƙarfe ya yi zafi. Bayan azahar ya saya mata askirim da kansa, sannan ya ce ai yanzu kuma ta ci abu mai sanyi. Mutumin da yake tsayawa a kan rufin lif a hawa na ashirin yana cin gyaɗa, yau shi ne yake kewaya filin yara yana neman dalili kamar wanda ya yar da mukulli. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce, a rayuwarsa bai taɓa hawa injin da bai leƙa cikinsa ba. Ko motar haya ya shiga, gaba yake zama kusa da direba.

Ƙarfe uku matar ta samu benci a inuwa, ta cire takalma, ta dube shi.

"Ƙafata ta kumbura, ni nan na tsaya. Ka kai yarinyar nan, ta fara daina magana."

A bakin layin mai gadin ma'auni ya ce ta jingina. Firit ta haɗe duga-duganta, ta riƙe numfashi, ta miƙe wuya. Sandar ma'aunin ta sauko ta tsaya a kanta, sama da jan layin da faɗin yatsa ɗaya.

"Wuce, hajiya," in ji mai gadin.

Ta juyo ta kalli ubanta. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

Layin yana nannaɗe ne a ƙarƙashin dogon, daidai inda jirgin yake fara hawa. Minti arba'in suna matsawa taku-taku. A nan kunnensa ya kama wata ƙara. Duk jirgin da sarƙa ta fara ja sama sai ya kama: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, tun daga ƙasa har ƙololuwa. Ya rufe ido ya saurara. Ƙarfe ne yake cizon ƙarfe. A aikinsa, lif in yana hawa yana wannan ƙara, ba a tambaya, kashe wuta ake yi tukuna a fitar da mutane. Ya saurari jirgi na biyu, haka. Na uku ma haka. Ya dubi mutanen da ke layin suna dariya suna ɗaukar hoto, ya ce a ransa, duk garin nan babu mai kunne?

Saura mutum shida a gabansu ya ja hannun Firit suka fita daga layin, ya nufi mai kula da hawa, wata matashiya mai riƙe da rediyon hannu.

"'Yan mata, tsayar da abin nan."

"Na'am?"

"Ba kya jin ƙarar nan? Wani abu yana ci a ƙarƙashin jirgin."

"Baba, ai kullum haka yake yi."

"Kullum!" Muryarsa ta tashi. "Haka kowa yake cewa, kullum, sai ranar da aka kwashi gawa." Ya zaro katin aikinsa ya ɗaga. "Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Na ce miki akwai abin da ya lalace."

Kalmar gawa ita ta yi ɓarnar. Ta bi layin daga baki zuwa baki, kafin ta kai ƙarshe ta zama wai ƙafar jirgi ta ɓalle. Wata mata ta fasa ihu a sauko mata da 'ya'yanta. Wani ya fara ɗaukar bidiyo. Matashiyar ta yi magana a rediyo, shugabanta ya zo da gudu, ya dubi katin, ya dubi taron, ya danna jan maɓalli. Mesa ta yi tsit.

Aka kai Firit wajen uwarta, shi kuma aka ce ya jira injiniyar wurin. Mace ce, gajera, gashinta ya fara furfura, hannun rigarta duk giris. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta miƙa masa hular kwano ta ce ya biyo ta. Suka hau wata siririyar matakala a gefen dogon, ta tsuguna ta nuna masa. A tsakiyar dogon akwai haƙoran ƙarfe jere kamar na zarto, har sama. A ƙarƙashin jirgin kuma wani harshen ƙarfe ne yake reto. Ta ɗaga shi da yatsa ta sake shi, ya faɗa kan haƙori. Ƙas.

"In sarƙa ta tsinke ko wuta ta ɗauke, wannan ne yake riƙe jirgin kada ya dawo da baya," ta ce. "Da gangan aka yi shi ya yi ƙara. Ranar da ka ji ya hau shiru, ranar za ka kira ni."

Ya tsura wa harshen ido. Sabo ne fil, an shafa masa mai, ko ƙwarzane babu. Aiki ne mai tsabta, irin wanda shi kansa zai yi alfahari da shi. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"Hajiya, na yi kuskure. A buɗe, zan ba mutane haƙuri da bakina."

Ta girgiza kai. "Da ni kaɗai ka samu a gefe, da yanzu kana sama. Amma ka ɗaga kati a gaban jama'a, an rubuta rahoto. Sai masu duba na waje sun zo sun sa hannu."

"Yaushe?"

"Litinin."

Ya ce zai rubuta cewa ya janye. Ta ce ba a janyewa. Ya ce 'yarsa shekara biyu tana jira. Injiniyar ta karɓi hularta, ta dube shi ba tare da fushi ba.

"Kai ma a wurinka, in baƙo ya ce ya ji ƙara, kana buɗewa don ya ce wasa yake?"

Ba ya buɗewa. Garin gyaran gira dai ido ya tafi.

Ya dawo bencin yana shirin tarar da kuka, sai ya tarar da abin da ya fi kuka ciwo. Idanun Firit sun kumbura, alamar ta yi ta gama, amma yanzu tana tsaye a kan bencin tana yi wa wasu yara uku bayani.

"Babana ne ya ji. Shi kaɗai. Da yanzu duk sun faɗo." Ta hango shi. "Ga shi nan! Baba, ka nuna musu inda ya lalace?"

Ya kawar da kai. Matar ta dube shi sau ɗaya ta gane komai, ta sunkuya tana neman takalminta.

A ɗakin cin abinci da magariba wani mutum ya taso daga teburinsa ya riƙe masa hannu da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri, 'ya'yansa ne na gaba a layin. Firit ta gyara zama tana kallon kowa. Shi ya ture farantinsa gefe. Ya tashi wai zai ɗebo ruwa, ya dawo, ya sake tashi. Da yarinyar ta je zaɓen kek, matar ta rage murya.

"Ta haƙura. In ka bar ta a haka, har ta tsufa tana ba da labarin."

"Ke me kika gani?"

"Ni ba ni na ɗaga kati ba."

Da safiyar Lahadi, matar tana haɗa kaya, ya ce wa Firit ta zo su ɗan zagaya. Ba a buɗe fili sosai ba, masu shara ne kawai da wani mai wanke kwalekwale. Suka tsaya a bakin shingen Mesa. An ɗaura sarƙa a ƙofar layin, an rataye allo. Ya tsuguna har kansa ya zo daidai nata, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Firit, babu abin da ya lalace."

Ta dube shi.

"Ƙarar nan da na ji, haka aka yi shi. Ita ce ma take hana shi faɗuwa. An nuna min da idona. Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa aka rufe?"

"Saboda ni." Ya so ya tsaya a nan, kuskure ai kowa yana yi. Amma ya san ba nan maganar ta ƙare ba. "Tun jiya da safe nake gudun hawa. Da na ji ƙarar nan, daɗi na ji a raina, na samu dalili. Tsoro nake ji."

Ba ta yi kuka ba, ya kuwa fi son ta yi. Ta saƙala yatsunta a wayar shingen, ta ɗaga kai ta bi dogon da kallo tun daga ƙasa har inda yake kifewa. Mai shara ya zo ya share kusa da ƙafafunsu ya wuce.

"Ni ma tsoro nake ji," ta ce. "Tun a layi cikina yake ciwo. Ban faɗa ba don kada ka ce mu fasa."

"Ki yafe min."

"Da ka faɗa min, Baba, ai da mun rufe ido tare."

Ta saki shingen ta juya ta kama hanyar otal. Ya miƙe ya bi ta, bai yi ƙoƙarin cim mata ba.