Hoton da Ya Fi Jan Mutane

Mai Hoto yana buɗe shagonsa da wuri kamar yadda ya saba, sai dai yanzu ba mai shigowa. Yakan goge kyamara, ya kakkaɓe labulen bango mai zanen bakin teku, ya zauna yana kallon mutane suna wucewa, kowa da wayarsa mai ɗaukar hoto a aljihu. Ranar da aka samu mai neman hoton fasfo, ranar ta yi kyau ke nan.

Ƙanwarsa, wadda ke sayar da jakunkuna ta waya, ita ta kawo maganar talla. Ta same shi yana gyangyaɗi da rana tsaka.

"Yaya, kai da shagon nan wa ke gadin wani?"

Ta ja kujera gaban kwamfutarsa, ta saka masa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Ta ce wannan mataimaki ne. Za a ba shi hotuna da ɗan kuɗin talla, shi zai rubuta kalaman, ya zaɓi waɗanda za a nuna wa a kafafen sada zumunta, ya bi wanda ya fi jan mutane.

"Ga shi ba ya zuwa a makare, ba ya cewa kakarsa ba lafiya," in ji ta.

Ya yi dariya, ya nuna mata inda ya tara ayyukansa na shekaru. Ta kwashe duka ta tura, ba wanda ya tsaya tantancewa.

Da farko shiru. Sai waya ta fara ƙara. Wata mata ta kawo 'ya'yanta, wasu ma'aikatan asibiti suka zo hoton haɗaka. Mai Hoto ya sayi sabon ƙwan fitila, har ya koma yin fito yana shara. Wata rana wata budurwa ta zauna a kujera, ta miƙo masa wayarta.

"Irin wannan nake so ka yi min."

Ya duba. Matarsa ce, marigayiya. Ta juyo tana dariya, hannu ɗaya a kan ɗankwalinta da ke shirin zamewa. Ya tuna ranar. Gwada fitila yake yi, ita kuma ta kawo masa abinci tana cewa ya bar ta ta wuce. A ƙasan hoton an rubuta: Zo mu kama maka farin cikinka.

Ya ɗauki budurwar hoto. Da ta fita ya zauna gaban kwamfuta ya tambayi mataimakin dalili. Amsar ta zo a natse: cikin duk hotunan da aka gwada, wannan ne mutane suka fi tsayawa a kai, shi ya sa aka mayar da kusan duk kuɗin tallan kansa. Yana so a tsayar?

Ya daɗe yana kallon tambayar. Waya ta yi ƙara, wani na neman ranar da zai kawo iyalinsa. Ya ɗauka, ya ba shi rana. Bai koma kan tambayar ba.

Surukarsa ce ta zo da kanta, ita da ciwon gwiwa ya hana fita. Ta ƙi zama. Ta ce wata maƙwabciya ce ta nuna mata hoton a waya, tsakanin tallan takalma da na maganin ƙiba.

"Mutane suna rubutu a ƙasa, suna tambaya ko tana da aure. Ɗana, 'yata ce fa."

"Mama, wallahi ba ni na zaɓa ba. Na'ura ce."

"Na'urar ta san ta ne? Kai ka san ta."

Ya sunkuyar da kai, ya ce zai cire yau ɗin nan. Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da mota.

Bai cire ba. Ya ce sai ya gama da waɗanda suka riga suka kama rana. Da suka ƙare, wasu suka kama. Ƙanwarsa ta ce ita ba za ta sa baki ba, laifinta ne tun farko da ba ta duba ba, amma ya san dai wanda ya ba shi hayar shagon ya fara kawo masu neman haya suna leƙa wurin. Surukar ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya kifa wayar a kan tebur.

Daga baya kiran masu hoto ya fara ja baya, har ya ɗauke. Wata safiya ya kunna kwamfuta ya tarar da saƙon mataimakin. Ya ce mutanen yankin sun ga fuskar nan sau da yawa, sun gaji da ita, yanzu wucewa suke yi ba sa tsayawa, don haka ya dakatar da tallan. In akwai wasu hotunan matar nan, a turo ya gwada.

Sun gaji da ita. Mai Hoto ya maimaita a fili, shi kaɗai a shago.

Akwai wasu. Akwai da yawa, a wata ma'ajiya da ko ƙanwarsa ba ta san da ita ba. Ya buɗe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata, sannan ya zaɓi wanda take tsaye bakin taga ya tura.

Bai ja kowa ba. Na bayansa ma haka.

Da wa'adin haya ya cika, wani mai gyaran waya ya karɓi shagon. Ya roƙi a bar masa teburin, Mai Hoto ya bar masa. Kyamarar da fitilun suna ɗakin ƙanwarsa, a bayan buhunan jakunkuna, shi kuma yana taya ta kai wa masu saye kaya. Ya je gidan surukarsa sau ɗaya. Aka ce tana barci. Ya jira a tsaye a ƙofa har ƙafarsa ta gaji, ya ce a gaishe ta in ta tashi.